Ingarman Haya: Nazari Kan Sana'ar Barbarar Dawakai

A shekarar 2024, duk mai goɗiyar da ke son dokin nan Frankel ya haye masa ita, sai ya tanadi fam 350,000 na Ingila. Kuɗin ma kaɗai ba su wadatar ba, sai masu dokin sun duba asalin goɗiyar sun ga ta cancanta. Frankel ya shiga sukuwa sau 14, ya ci duka 14, ya bar fili a watan Oktoban 2012, kuma duk abin da ya ciyo wa ubangidansa, marigayi Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya, bai cika fam miliyan 3 ba. Ke nan goɗiyoyi tara kacal, a farashin 2024, sun biya fiye da abin da ƙafafunsa suka samo duk zamansa a fili. Waɗanda ake kawo masa a shekara kuwa, a bargarsa ta Banstead Manor kusa da garin Newmarket, sun haura ɗari. Nan kuɗin harkar sukuwa suke a Turai da Amurka. Filin tsere wurin jarrabawa ne, dokin da ya ci kuma kasuwarsa tana barga.

Sana'ar tana da lokacinta. Dawakin sukuwa na jinsin Thoroughbred, a ƙasashen arewacin duniya, duk daga 1 ga Janairu ake ƙidaya musu shekara, ko a wane wata aka haife su. A Ostireliya kuma daga 1 ga Agusta. Duƙushin Fabrairu da na Yuni tsara ɗaya ne a takarda, amma ranar da suka shiga fili suna 'yan shekara biyu, na farin ya fi ƙwari. Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, wajen kwana 340, shi ya sa ake buɗe barbara a tsakiyar Fabrairu, domin haihuwa ta faɗo a farkon shekara ba tare da ta riga Janairu ba. Sai dai a ƙasashen sanyi goɗiya ba ta neman namiji sai yini ya yi tsawo. Masu kiwo suka koma kunna musu fitila a barga tun Disamba, jikinsu ya ɗauka hunturu ya wuce.

Goɗiya takan nemi barbara kusan duk kwana 21, ta yi kwana biyar zuwa bakwai a wannan hali. Akan ajiye wani doki mara daraja wanda aikinsa a kai shi gabanta a ga ko za ta karɓa. In ta yi harbi, shi zai sha. In ta kwantar da kai, a janye shi a kawo mai tsadar. Likitan dabbobi ya duba mahaifarta da na'urar hoto ya faɗi ranar da ta fi dacewa, don kada a yi asarar hawa ko ɗaya. A sa mata takalma masu laushi a ƙafafun baya, mutum huɗu ko biyar su tsaya a kai, cikin 'yan mintoci an gama. Idan lokaci ya kankama, ingarman da kasuwarsa ke ci yakan yi wannan sau uku ko huɗu a yini.

Dole ne kuma hawan ya zama na zahiri. Hukumomin da ke rajistar wannan jinsi ba sa karɓar duƙushin da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya maniyyi, alhali masu dawakin Quarter Horse a Amurka da masu kiwon dawakin folo a Ajantina sun daɗe suna yin haka. An kai ƙarar wannan doka a Ostireliya, kotun tarayya ta tabbatar da ita a 2012. Hujjar da aka saba kawowa ita ce kare nasaba, ko da yake yanzu gwajin ƙwayoyin halitta yana tabbatar da uba daga 'yan silin gashi. A ganina kare farashi yana cikin dalilan, amma dokar ta yi wani amfani da ya fi wannan, domin ita ce abu ɗaya da ya rage yana iyakance yawan 'ya'yan da doki ɗaya zai iya bazawa a duniya.

Me zai sa mutum mai hankali ya biya kuɗin gida sukutum saboda hawa ɗaya? Amsar tana cikin littafi. A 1791 James Weatherby ya fara fitar da kundin nasabar dawakin sukuwa na Ingila, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da shi. Tun daga lokacin, kowane doki an san ubansa da uwarsa, da tseren da ya shiga, da abin da 'ya'yansa suka yi. Mai goɗiya a Japan zai iya zama ya duba 'ya'yan Frankel nawa suka shiga fili, nawa suka ci, a wane nisa, a busasshiyar ƙasa ko a jiƙaƙƙiya, kuma da jinin waɗanne goɗiyoyi ya fi haɗuwa. Wannan sani shi yake saya. Da fam 125,000 Frankel ya fara a 2013, kuɗinsa suka riƙa hawa gwargwadon abin da 'ya'yansa suka yi a fili, kuma da sun gaza da tuni sun sauka.

Kundin ya nuna wani abu kuma. Duk dawakin jinsin, ta wajen uba, suna komawa ga ingarmu uku da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen Musulmi: Byerley Turk a ƙarshen ƙarni na 17, Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya aka kai shi a 1704, da Godolphin Arabian da ya iso wajen 1729, wanda wasu ke cewa dokin Barbar ne daga Tunis, wato ɗan'uwan dawakinmu. Binciken da aka yi a Dublin a 2001 ya gano cewa kashi 95 cikin ɗari na layin uba a yau na Darley Arabian ne shi kaɗai.

Duk da wannan rubutu, sana'ar ba ta rabu da kasada ba. Northern Dancer, wanda aka haifa a Kanada a 1961, an kai shi kasuwa yana ɗan shekara ɗaya a kan dala 25,000, ba wanda ya taya, saboda gajere ne. Shi ne ya ci babban tseren Kentaki a 1964, ya fara barbara a kan dala 10,000, kuma a tsakiyar shekarun 1980 sai da hawansa ɗaya ya kai dala miliyan 1. Ɗansa Snaafi Dancer kuwa, an saye shi dala miliyan 10.2 a 1983, bai taɓa shiga tsere ba don ba shi da gudu, da aka mai da shi barga kuma aka tarar da ƙyar yake ba da ciki. Cigar na Amurka, wanda ya ci tsere 16 a jere, an kawo masa goɗiyoyi a 1997 ba wadda ta ɗauka, kamfanonin inshora suka biya dala miliyan 25.

Labarin da ya fi koyarwa shi ne na dokin nan Secretariat. A 1973 aka raba shi kaso 32, kowane kaso dala 190,000, jimla dala miliyan 6.08, kowane mai kaso yana da damar kawo goɗiya ɗaya a shekara. An sa rai zai haifi kamarsa, bai haifa ba, har aka riƙa cewa ya ba da kunya. Ashe alherinsa ta wajen 'ya'yansa mata zai ɓullo. 'Yarsa Terlingua ita ta haifi Storm Cat, wanda hawansa ya kai dala 500,000. Wannan yana tuna mana abin da kasuwar ingarmu ke son a manta, cewa rabin jinin duƙushi na uwa ne, ga kuma cikin da ta ɗauka, da nonon da ta ba shi, da halin da ya koya a gindinta. Goɗiya ɗaya, Urban Sea, ita ta haifi Galileo da Sea The Stars, daga uba daban-daban, kuma kowannensu ya ci tseren Derby na Epsom, ɗaya a 2001 ɗaya a 2009. Galileo shi ne uban Frankel. Sunan ingarma ya fi tashi ne kawai don shi yana haifar ɗari a shekara, ita kuwa ɗaya. Larabawan sahara ta wajen uwa suke bin nasabar doki, gidajen Kuhailan da Saklawi da Ubayyan duk sunayen layin goɗiyoyi ne. Bahaushe ma da ya tashi maganar gadon gudu, cewa ya yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Inda nake ganin sana'ar ta kauce shi ne wajen yawa. A zamanin Northern Dancer, goɗiyoyi wajen 40 ake kawo wa ingarma a shekara, shi ya sa ake raba doki kaso 32 ko 40. Duk rayuwarsa 'ya'ya 645 aka rubuta masa. Yau akwai ingarmun da ke haye fiye da 200 a 'yan watanni, sannan a sa su a jirgin sama zuwa Ostireliya su sake wani zagayen daga Satumba, hanyar da ingarma Danehill ya yi suna da ita tsakanin Ailan da can. Ingarman yau yakan tara a shekara uku ko huɗu abin da Northern Dancer ya tara a shekara ashirin da wani abu. Tunda kuma kowa na bin sunan da ke ci a gwanjo, jinin sai ƙara tsukewa yake yi. Frankel kansa, kakan ubansa Northern Dancer ne, ta wajen uwarsa ma, 'yar Danehill, can ake komawa. Wani bincike da aka wallafa a 2020, a kan dawakai sama da dubu goma, ya nuna auren dangi a cikin jinsin yana ta ƙaruwa tun shekarun 1970. Hukumar rajista ta Amurka ta kafa doka a 2020 cewa kada ingarman da aka haifa daga wannan shekara ya wuce goɗiyoyi 140. Manyan gidajen kiwo uku na Kentaki suka kai ta kotu, 'yan majalisar jihar suka fara shirin dokar da za ta karya ta, hukumar ta janye a Fabrairun 2022.

Illar irin wannan ba zato ba ce, an gani. A jinsin Quarter Horse an yi wani ingarma mai suna Impressive, haihuwar 1969, mai murɗaɗɗen jiki, kowa na rububin kai masa goɗiya. Sai da zuriyarsa ta kai dubbai sannan aka gano yana ɗauke da wata cutar gado mai sa jiki karkarwa, doki ya faɗi, wani lokaci ya mutu nan take. Daga 2007 ƙungiyar jinsin ta daina rajistar duƙushin da ya gaji cutar ta uwa da uba. Shi kuma ingarman da 'ya'yansa suka gaza, darajarsa takan zube da sauri. Ferdinand ya ci tseren Kentaki a 1986, aka sayar da shi Japan don barbara, bai yi kasuwa ba, rahotanni suka nuna a mahauta ya ƙare wajen 2002. Wannan abin takaici ne ga duk mai son doki.

Mai karatu Musulmi zai tambaya ko kuɗin barbara ma sun halatta. Tambayar tsohuwa ce. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin hawan namijin dabba. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an yi rangwame a kan kyautar da mai macen ya bayar don kansa, ba da sharaɗi ba. A cikin Muslim kuma, ba da aron namiji don barbara yana cikin haƙƙoƙin da aka lissafa a kan mai dabbobi. A kan haka mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka hana hayar ingarma gaba ɗaya. Malikiyya suka rarrabe. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, abin da aka hana shi ne a yi hayar namiji har sai macen ta ɗauki ciki, domin akwai garari: tana iya ɗauka a hawan farko, tana iya ƙin ɗauka sam, ba wanda ya san iyakar abin da ya saya ko ya sayar. Amma in an faɗi kwanaki sanannu, ko adadin hawa sananne, ya halatta.

A ɗora wannan a kan yarjejeniyoyin Newmarket da Kentaki. A Ingila da Ailan yawanci ranar 1 ga Oktoba ake biya, idan likita ya tabbatar goɗiya na da ciki. A Amurka sai duƙushi ya faɗo da rai, ya miƙe, ya kama nono. Wato tsarin da Turawa ke ganin ya fi yi wa mai goɗiya adalci shi ya fi kusa da surar da Malikiyya suka hana, wanda kuma suka halatta ya fi kama da yadda aka sayar da hawan Northern Dancer, a biya ko an samu ko ba a samu ba. Ko na'urar hoto da ƙayyadadden lokacin barbara sun rage gararin da magabata suka gani, wannan hukunci ne na malamai, kuma ya kamata masu dawakinmu su kai musu tambayar da cikakken bayanin yadda ake yi. Abin da ya bayyana a fili shi ne manufar shari'a: jinin kirki ya yaɗu, kada talaka mai goɗiya ɗaya ya rasa shi don ba shi da kuɗi.

To, a ƙasar Hausa ya yaɗu? Mu mutanen doki ne, sarautunmu ma sun shaida: Madawaki, Ubandawaki, Shamaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ga garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa. Amma duk wanda ya kalli hawan Daushe ko hawan Nassarawa da idon mai kiwo zai lura maza muke hawa, kuma ba mu cika dandaƙe doki ba. Ke nan kusan kowane doki a bargar basarake ko attajiri ingarma ne cikakke, an zaɓo shi cikin ɗaruruwa saboda tsayi da ƙira da tafiya. Ana ɗaure shi a turke, a ba shi dawa da dusa da harawa da kanwa, a fita da shi kilisa, ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin, ya mutu bai bar ɗa ba. Da yawa daga masu doki ba sa yarda a kai masa goɗiya, suna cewa barbara na rage ƙarfi, tana kuma ɓata hali, ya riƙa haniniya da tsalle a cikin taro. Goɗiyoyi kuwa suna ƙauye a hannun manoma da makiyaya, abincinsu bai kai na dokin birni ba, kuma namijin da ke kusa shi ke hawansu. Kullum muna tsame mafi kyau daga cikin masu haihuwa muna kai shi birni. Duk garken da aka daɗe ana yi wa haka, baya zai riƙa ci.

Giɓin da wannan ke bari, da saye muke cike shi, kuma ba yau aka fara ba. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa sarkin Barno yana sayen dawakai daga fataken Arewacin Afirka, doki ɗaya a bakin bayi 15 zuwa 20. Jinin Dongola ya shigo daga gabar Nilu ta Sudan, na Azbin ya gangaro daga arewa. Yau ma a kasuwa irin ta Maigatari, dawakin Nijar da Cadi da Sudan ake rububi. Mai saye zai buɗe baki ya duba haƙori, ya shafa ƙafa, ya duba launi, kili ne ko akawal ko danda, ya tambayi daga wace ƙasa. Wane ne ubansa, wace ce uwarsa, me 'yan'uwansa suka zama, wannan sai abin da dillali ya ce. Saboda haka mai goɗiyar da ya wahala ya nemo ingarman kirki ba ya samun ko sisi a kan wanda bai damu ba, don ba shi da abin da zai nuna.

Folo ya ƙara wani sabon babi. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo wasan ya kafu a Arewa, a kan dawakin gida. Yanzu manyan 'yan wasa daga Ajantina suke sayo nasu, akasari goɗiyoyi, wasu kuma suna haɗa su da na gida. Haɗin ba laifi ba ne, Thoroughbred ɗin ma da haɗi aka same shi. Sai dai dokinmu yana da abin da ba a saye da dala: jure zafi da ƙishirwa, ƙarfin kofato, rayuwa a kan harawa, da juriyar cututtukan damina da kan kayar da baƙon doki cikin kwanaki. In ana ta haɗawa ba a rubutawa, bayan 'yan tsararraki ba wanda zai iya nuna tsantsar dokin Azbin ko na Barno, ba kuma wanda zai san wane haɗi ne ya yi kyau balle a maimaita shi.

Akwai wata hanya tsakanin ta Kentaki da tamu. A 1665 Colbert, ministan Sarkin Faransa, ya sa gwamnati ta sayi ingarmu ta rarraba su a larduna don su haye goɗiyoyin manoma. Maroko tana kan irin wannan har yau, da gidajen kiwo na gwamnati a Meknes da Marrakesh da Ujda da El Jadida da Buznika, suna tura ingarmu tashoshin karkara idan lokaci ya yi, suna kuma rajistar dokin Barbar da ake hawa a wasansu na Tburida. Mu ba ma bukatar sayen ingarmun, suna nan a ɗaure a fadoji. Masarauta ɗaya ta isa ta fara. Ta ware uku ko huɗu daga bargarta, waɗanda suka fara manyanta aka rage fita hawa da su, wanda hakan ya kawar da tsoron ɓacin hali a cikin taro. A ƙayyade goɗiyoyin da kowanne zai haye a shekara, a karɓi abin da ya sauƙaƙa a kan adadin hawa sananne ko a bar shi a kyauta. Shamaki ya ajiye littafi: sunan uba, sunan uwa da mai ita, ranar hawa, ranar haihuwa, launi da alamun duƙushi, sannan a ba mai goɗiya takarda da hatimi wadda za ta bi dokin duk inda aka sayar da shi.

Likita ba zai zama na ado ba a wannan aiki. Ingarman da ke zagaya goɗiyoyi da yawa shi ne hanya mafi sauri ta yaɗa cuta. A 1977 wani ciwon mahaifa ya ɓarke a gidajen kiwon Newmarket ta hanyar barbara, tun daga nan ba a kai goɗiya gaban ingarma a can sai da takardar gwaji. Akwai kuma wata cuta dangin sammore wadda ba ƙudan tsando ke kawo ta ba, a wajen hawa ake ɗaukarta, kuma ana samunta a Afirka. Tsangayoyin likitan dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da mutanen da za su iya wannan gwaji. Ingarman ne kuma zai je ƙauye, domin manomi ba zai bar gonarsa ya jawo goɗiya zuwa birni ya zauna jiran ranar da za ta karɓa ba. Lokacin zuwansa ruwan sama ne zai faɗe shi: goɗiyar da aka haye a Yuli ko Agusta za ta haihu a Yuni ko Yuli, ta shayar da ɗanta a kan ɗanyar ciyawa, amma watannin ƙarshe na cikinta za su faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta fi tsada, don haka duk wanda ya ba da aron ingarma sai ya haɗa da tanadin abincin goɗiyar na waɗannan watanni.